Kada Ki Ɗauki Kayan Nan Ke Kaɗai

Karatu: Markus 5:25-34 da 14:32-42



Akwai wani ciwo a cikin ekklesiyoyinmu wanda ba a jin sunansa a wurin roƙon addu'a ran Lahadi. Akan tashi a ce a yi wa wane addu'a, maciji ya sare shi a gona. A yi wa wance addu'a, hawan jini ya kwantar da ita. Amma da wuya ka ji an ce a yi wa wance addu'a gama mahaifarta ta sauko, likita kuwa ya sa ranar da za a cire ta. Mai wannan ciwo tana nan zaune a bencin mata, ta yi ɗaurin kallabi mai kyau, tana amsa waƙa, in an gaishe ta ta ce lafiya lau. Sai dare ya yi, gida ya yi tsit, sa'an nan za ta kwanta ido buɗe tana ƙidaya kwanakin da suka rage. Domin ita nake wannan wa'azi, da mijinta, da matan zumunta waɗanda ke zama kusa da ita ba su sani ba. In wani ya ce maganar ba ta dace da bakin fasto ba, bari ya buɗe Markus sura 5, ya ga irin maganar da Ruhu Mai Tsarki ya ga ta isa a rubuta.

Mace ce can wadda ta yi shekara 12 jini yana zuba mata. Bisa ga shari'ar Musa, kamar yadda take cikin Littafin Firistoci sura 15, irin wannan mace marar tsarki ce muddin jinin bai tsaya ba. Shimfiɗar da ta kwanta a kai ta ƙazantu, abin da ta zauna a kai ya ƙazantu, wanda ya taɓa su shi ma sai ya yi wanka. Ku duba fa, shekara 12 tana zaman a-raɓe a cikin garinsu. Ta zaga wurin masu magani, dukiyarta ta ƙare, ciwon sai gaba yake yi. Da ta ji labarin Yesu ba ta iya tsayawa gabansa kamar sauran masu roƙo ba. Ta bi ta baya cikin cunkoson jama'a, ta taɓa rigarsa a ɓoye, nan take jinin ya tsaya.

To, ai magana ta ƙare ke nan. Ta warke, sai ta sulale ta koma gida. Yesu ma sauri yake yi, gama 'yar Yayirus tana bakin mutuwa, ubanta yana tsaye ransa a dagule. Duk da haka Ubangiji ya tsaya cik, yana waige-waige, yana neman wanda ya taɓa shi. Don me? Ba don ya kunyata ta ba. Ya sani jinin ya tsaya, amma ɓuyan bai tsaya ba. Da ta tafi haka, da ta koma gida da lafiyayyen jiki da zuciyar ɓarauniya. Sai ta fito, jikinta yana ɓari don tsoro, ta faɗi gabansa, ta zayyana masa kome da kome a kunnen jama'a. Shi kuwa ya kira ta ɗiyarsa, ya yaba bangaskiyarta, ya sallame ta da salama.

Ku lura da abu ɗaya. Macen da Yesu ya yaba wa bangaskiya, a daidai wannan lokaci rawar jiki take yi. Tsoro da bangaskiya suna zaune cikin ƙirji ɗaya, Ubangiji kuwa bai ce sai ɗaya ya fita kafin ya karɓi ɗayan ba. 'Yar'uwata, in an gaya miki jin tsoron tiyata alamar ƙarancin bangaskiya ce, wanda ya gaya miki bai karanta wannan labari da kyau ba.

Bari mu fito da ciwon nan a fili, gama abin da ba a san kamanninsa ba ya fi ban tsoro. Allah ya yi mahaifar mace a rataye cikin ƙugu, da jijiyoyi masu riƙe ta, da wata shimfiɗar tsoka a ƙarƙashi mai tallafe ta, ita da mafitsara da ƙarshen hanji. Kamar rumbu ne a kan duwatsunsa. In duwatsun suka goce, rumbun ya nitse. Abin da ke sa jijiyoyin nan su saki sananne ne: haihuwa da yawa kusa da kusa, doguwar naƙuda, ɗaukar kaya masu nauyi shekara da shekaru, tari mai daɗewa, yawan yunƙuri don taurin bayan gida, ƙiba, da kuma tsufa, musamman bayan mace ta daina al'ada. Sai mahaifar ta sauko cikin hanyar haihuwa, wani lokaci ta ja mafitsara ko hanji tare da ita. Mai ciwon takan ji nauyi a mara kamar wani abu zai faɗo, da ciwon baya, da wahalar fitsari. Ga wasu abin yakan leƙo waje, zane ya riƙa gogarsa har ya zama gyambo.

Ba sammu ba ne. Ba jifa ba ne. Ba hukuncin zunubi ba ne, kuma ba sankara ba ce. In ka duba da kyau, yawancin masu wannan ciwo a wurin hidima suka same shi: ta haifa wa gidan 'ya'ya 7 ko 8, ta ɗauko musu ruwa da itace a ka, ta yi daka da surfe tun ba ta gama jego ba. Tabon aiki ne, kamar kantar hannun manomi. Ba kuma baƙon abu ba ne. Likitoci sun ce kusan rabin matan da suka taɓa haihuwa, in an duba su, akan ga alamar saukowa ko da kaɗan ce, ko da yake yawancinsu ba su jin kome. Wani bincike da aka buga a Amurka a 1997 ya nuna wajen mata 11 cikin 100 akan yi musu aiki don wannan ciwo ko don rashin riƙe fitsari kafin su kai shekara 80. Ke da kike tsammani ke kaɗai ce a duk gundumar, watakila wadda kuke waƙa da littafi ɗaya ta riga ki bin wannan hanya.

Ba kowace saukowa ke bukatar wuƙa ba. Akwai motsa tsokar ƙasan mara da nas za ta koya wa mace. Akwai wani zobe na roba da likita kan sa ya tallafe mahaifar, a riƙa zuwa ana duba shi. Akwai ma aikin da akan ɗaga mahaifar a ɗinke ta ba tare da an cire ta ba, saboda haka wadda take da sauran begen haihuwa ta faɗi haka a fili tun da wuri, kada ta yi shiru don ganin girman likita. Amma in abin ya yi nisa, ko an haɗa da ƙari a mahaifa mai zubar da jini, sai likita ya ba da shawarar a cire ta, a ɗinke wuraren da suka saki ta gaba da ta baya. Sau da yawa ta hanyar haihuwa ake bi, ba a ma tsaga ciki. Aikin yakan ɗauki awa 1 zuwa 2, kwanciyar asibiti kuwa 'yan kwanaki ne, yawanci ba ta wuce 5.

Tsoro na fari shi ne na mutuwa. Za a sa ni barci, in ban farka ba fa? Wa zai riƙe mini yara? Ba zan yi miki ƙarya in ce babu hatsari ba. Akwai. Jini yana iya zuba fiye da kima, ciwon yana iya ruɓa, jini yana iya daskarewa a jijiyar ƙafa, wuƙa tana iya shafar mafitsara. Likita mai gaskiya zai gaya miki waɗannan kafin ki sa hannu a takarda. Amma aiki ne da ake yi kowace rana a manyan asibitoci, mafi yawan mata nesa ba kusa ba suna tashi su koma gidajensu. Akwai kuma ma'aikaci guda wanda ba shi da wani aiki a ɗakin tiyata sai lura da numfashinki da bugun zuciyarki daga fari har ƙarshe. Wani lokaci ma ba a sa barci gaba ɗaya. Akan yi allura a baya, jiki ya mutu daga ƙugu zuwa ƙasa na 'yan awoyi, kina ji ana magana amma ba ki jin zafi.

Domin mu gane girman alherin da muke ciki, yana da kyau mu waiwaya mu ga yadda matan dā suka fuskanci wuƙa. A shekara ta 1809, a jihar Kentaki ta ƙasar Amurka, akwai wata mai bi, matar manomi, sunanta Jane Crawford. Cikinta ya yi ta girma har ana tsammani tagwaye ne suka ƙi fitowa. Wani likita mai suna Ephraim McDowell ya duba ta, ya ce ƙari ne, ya kuma gaya mata gaskiya cewa aikin gwaji ne, tana iya mutuwa. Ta hau doki ta yi tafiyar mil 60 zuwa gidansa a garin Danville. Ran Kirsimati ya tsaga cikinta, ba maganin barci, gama ba a san shi ba tukuna. Wajen minti 25 aka yi, ita kuwa tana ta maimaita Zabura da waƙoƙin sujada. Ya fitar da ƙari mai nauyin wajen kilo 10. Ta warke, ta koma gida, ta ƙara shekara 32 a duniya. Sai a 1846 aka nuna maganin barcin tiyata a gaban likitoci a birnin Boston. A 1847 wani likitan mata a Edinbura, James Simpson, ya fara ba mata masu naƙuda irin wannan magani. Da ya rubuta amsa ga masu ganin abin ya saɓa wa addini, ya tuna musu Farawa 2:21, inda Allah da kansa ya sa Adamu barci mai nauyi kafin ya ɗauki haƙarƙarinsa. Allurar baya kuwa a Jamus aka fara ta a 1898. An gane rukunin jini a 1901, shi ya buɗe hanyar ƙarin jini ba tare da kashe mai karɓa ba. Duk waɗannan kyautai ne daga hannun Uban da ya ba mutum hankali. Zabura da ta riƙe waccan mata tana hannunki har yau, ga kuma allura da ita ba ta samu ba.

Wannan ya kawo ni ga masu cewa mai bi na gaskiya ba ya kwanciya a yanka shi. Sukan ɗauki labarin macen nan ta Markus su ce, ga shi, likitoci sun cinye kuɗinta a banza. Markus labarin mace ɗaya ya bayar, bai kafa doka ba. Luka da ya rubuta mana Bishara likita ne, Bulus kuwa da ƙauna ya ambace shi cikin Kolosiyawa 4:14. Sa'ad da sarki Hezekiya ya yi kuka ga Allah, Allah ya ƙara masa shekara 15, amma annabi Ishaya ya sa aka manna masa curin ɓaure a kan marurun (2 Sarakuna 20). Alkawarin na Allah ne, ɓauren ma na Allah ne. Ki kira dattawan ekklesiya su yi miki addu'a yadda Yaƙub 5:14 ya umarta, wannan hakkinki ne. Ubangiji yana da iko ya warkar yadda ya ga dama. Amma ki yi hankali da mai sayar da mai da ruwa a kwalba, wanda zai ce ki yaga takardar asibiti ki kawo masa kuɗin. In gyambon ya ruɓe, ba za ki gan shi a bakin gadonki ba.

Tsoro na biyu ya fi na fari zurfi, shi ne kuwa ba a faɗa. In an cire mahaifata, ni mace ce kuma? Maigida zai dube ni kamar dā? Danginsa ba za su fara yi masa raɗa ba? A kan wannan ƙarairayi sun yi yawa a bakin rijiya. Ana cewa mace takan koma kamar namiji, ko ta zama fanko, ko hankalinta ya taɓu. Ba haka ba ne. Abu biyu ne tabbatattu: al'ada ta tsaya, ciki kuma ba zai ƙara shiga ba. Abin da ke riƙe da yanayin jikin mace ba daga mahaifa yake fitowa ba, daga wasu 'yan gaɓoɓi biyu ne a gefenta, inda ƙwan haihuwa ke fitowa. Sau da yawa akan bar su a wurinsu. In akwai dalilin cire su ga wadda ba ta daina al'ada ba, za ta ji zafi yana taso mata da gumin dare, akwai kuwa maganin da ke sauƙaƙa wannan. Ki tambayi likita ko za a bar su, da dalili. Zaman aure kuma yakan koma bayan an warke, wajen sati 6, in likita ya duba ya ba da izini. Mata da yawa sukan ce ya fi musu sauƙi, gama ciwon da ke hana su sakewa ya tafi.

Amma ga wadda ba ta taɓa goyo ba, ko wadda ta binne duk waɗanda ta haifa, ba zan yi saurin ce mata ta yi haƙuri ba. Ƙofa ce za a rufe wadda ta yi shekaru tana tsaye a bakinta tana addu'a. Makoki ne na gaske, ko da yake babu gawa, babu masu zuwa gaisuwa. Bari ta yi kukanta, mu kuwa mu zauna da ita, bakinmu a rufe. Sa'ad da lokacin magana ya yi, akwai Ishaya 54 inda Allah ya yi magana da bakarariya, da sura 56 inda ya yi wa wanda ba zai haihu ba alkawarin suna a cikin gidansa wanda ya fi na 'ya'ya daɗewa. Akwai Dokas ta Yafa cikin Ayyukan Manzanni 9. Littafi bai ambaci ɗanta ko ɗaya ba, amma ran da ta mutu ɗakin ya cika da gwauraye suna kuka, suna nuna rigunan da ta ɗinka. Siffar Allah da aka halicce ki a ciki ba a mahaifa take zaune ba, wuƙar likita ba ta kai wurin.

To, yaya za a yi da tsoron nan? Mu je Gatsemani. A daren da Ubangijinmu ya san abin da ke jiransa da safe, bai shiga lambun shi kaɗai ba. Ya ɗauki Bitrus da Yaƙub da Yohanna, ya gaya musu da bakinsa cewa baƙin ciki ya kusa kashe shi, ya roƙe su su zauna a faɗake kusa da shi. Ɗan Allah ke nan, yana neman 'yan'uwa su taya shi tsaron dare. Sa'an nan ya faɗi ƙasa ya roƙi Uban, in mai yiwuwa ne, a kawar masa da abin, har sau 3, kafin ya miƙa kansa ga nufin Uban. Bai yi addu'ar ado ba. Ke ma ba a bukatar ki yi. Ki gaya wa Allah, ina tsoro, ba na so, ka riƙe ni. In addu'a ta ƙi fitowa, ki buɗe Zabura 56 ko 121, ki bar kalmominsu su zama naki. In Yesu bai ji kunyar neman mutum 3 ba, ke mene ne naki na ɓuya?

Ba na ce ki tashi a tsakiyar majami'a ki yi shela ba. Yesu ma a cikin almajiransa 3 kaɗai ya ja kusa. Ki zaɓi mace 2 ko 3 masu riƙe asiri, in da hali da ɗaya wadda aka taɓa yi wa irin aikin, gama ciwon 'ya mace na 'ya mace ne, kuma wadda ta haye kogi ita ta san inda yake da zurfi. Ki gaya wa matar fasto in kina jin nauyin faston. Sa'an nan ki fitar da tsoron a gaban likita. Kunya takan sa mace ta shiga ɗakinsa ta ce to, to, ta fito ba ta gane kome ba. Matambayi ba ya ɓata. Ki rubuta tambayoyinki tun daga gida, ki tafi da wadda za ta taya ki ji: ta ina za a bi, wace irin allura, kwana nawa, nawa ne kuɗin duka, jini leda nawa za a tanada. Ki gaya masa kowane magani da kike sha, har da na gargajiya da jiƙe-jiƙe, gama wasu suna tsinka jini. In kina da hawan jini ko ciwon sukari, a daidaita su tukuna. In an ce kada ki ci abinci awa 6 ko fiye kafin aikin, ki kiyaye, ko loma ɗaya, domin kada amai ya shiga huhu kina barci. Amma azumin kwana da kwanaki kafin tiyata, wannan ki bar wa masu lafiya su yi dominki. Ke jini kike bukata. Ki ci wake da zogale da hanta, ki sha maganin ƙarin jini in an ba ki.

Yanzu gare ka, maigida. Ka ga abin da almajiran nan 3 suka yi a Gatsemani: barci. Ba mugunta ba ce, idonsu ne ya yi nauyi, amma Ubangiji ya komo sau 3 ya tarar babu mai taya shi. Maza da yawa haka suke. Ya biya kuɗi, ya sa hannu a takarda, a ganinsa ya gama. Wani ma takardar yakan ƙi sa wa hannu, yana cewa sai ya yi shawara da 'yan'uwansa, matar kuwa tana zubar da jini. Jikin nan da ya gaji, a gidanka ya gaji. Afisawa 5 ta ce ka ƙaunace ta kamar jikinka, 1 Bitrus 3:7 kuma ta gargaɗe ka cewa yadda kake zama da ita yana iya tare addu'arka. Ka raka ta wurin likita ka ji da kunnenka. Kuma akwai maganar da take jira daga bakinka wadda ba za ta taɓa roƙa ba: cewa ita ce matarka kafin aikin, ita ce matarka bayansa, ba ka da wata shawara. Ka faɗa mata a fili. Ka faɗa wa mahaifiyarka da 'yan'uwanka mata su ma, tun kafin su fara kawo maka sunayen 'yan mata. Alkawarin da ka ɗauka a gaban ekklesiya ya haɗa da ciwo da lafiya, yau ce ranar biyansa.

Ku samari da dattawa, ga naku. Asibiti yakan ce a kawo masu ba da jini kafin a shiga da ita, ko da ba lalle a yi amfani da shi ba. A nan ne mazan da ke rera waƙar jinin Yesu da babbar murya sukan ɓace. Babban mutum yana da jini wajen lita 5 a jikinsa, leda ɗaya kuwa ba ta kai rabin lita ba. Ma'aikata sukan gwada ka tukuna, in ba ka isa ba su sallame ka. Mai lafiya jikinsa yakan mayar da abin da aka ɗiba cikin 'yan makonni, ba ya kuma rage ƙarfin namiji kamar yadda ake faɗa. Ekklesiya mai mambobi 100 bai kamata 'yarta ta rasa leda 2 ba. Haka kuma kuɗi. In muna iya tara na kwanon rufi da na amsa-kuwwa, muna iya tara na tiyata, a kai a asirce ta hannun dattijo ɗaya, ba sai an karanta sunanta a sanarwa ba.

Ku kuma matan zumunta, ku ne ƙashin bayan wannan al'amari, amma ina da roƙo biyu. Na fari, bakinku. In 'yar'uwa ta amince ta gaya miki, kada ki mai da shi abin addu'a a gidaje 5. Tsegumi da aka yafa wa mayafin addu'a tsegumi ne. Kada kuma ki je gaishe ta ki kwashe labarin wance da ta shiga tiyata ba ta fito ba. Abokan Ayuba sun yi kwana 7 a zaune tare da shi ba su ce uffan ba, lokacin ne suka fi amfani.

Na biyu, ƙafarku, gama zumunta a ƙafa take. Ran aikin a sami wadda za ta zauna a bakin ƙofa, da wadda za ta kwana da ita. Za ta farka da robar fitsari da ta ƙarin ruwa, kada wannan ya firgita kowa, yawanci bayan kwana 1 ko 2 akan cire. Nas za ta sa ta tashi ta taka tun kashegari domin kada jini ya daskare a ƙafa, ku taimake ta, kada ku hana don tausayi. Bayan an sallame ta, ɗan jini kaɗan-kaɗan na wasu makonni ba abin damuwa ba ne. Amma in kun ga zazzaɓi, ko jini mai yawa, ko ruwa mai wari, ko fitsari ya ƙi fita, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko numfashi ya yi wuya, a koma asibiti a ranar, ana addu'a a hanya.

Abin da ya fi wuya shi ne makonnin da ke biye. Likita zai ce sati 6 zuwa 8 ba ɗaukar kaya mai nauyi, wasu ma sukan ce wata 3 in an yi ɗinkin saukowa, gama ɗinkin yana iya saki abin ya komo. Jarka mai lita 25 nauyinta kilo 25 ne. Taɓarya, da guga, da buhun masara, da jikan da ke son goyo, duk haramun ne gare ta a lokacin nan. A satin fari gidan yakan cika da masu gaisuwa da kwanukan abinci. A sati na uku sai ƙafa ta ɗauke, ita kuwa ta fara jin ƙarfi, ta dubi randa ba ruwa, ta dubi tulin wanki, kunya ta hana ta aika a kira kowa, sai ta sunkuya ta ɗauki bokiti. Saboda haka shugabar zumunta ta ɗauki takarda tun kafin ranar aikin, ta rubuta kwanakin sati 8 ɗin nan ɗaya bayan ɗaya, a gaban kowace rana a sa sunan mai ɗebo ruwa, da mai niƙa, da mai wanki, a manna ta a bayan ƙofar ɗakin.